Ƙahon Jibo Ya Ƙi Kamawa

Ranar da bayan Ɗanasabe ya riƙe, ranar ciyawa ta fara yi wa dawarsa dariya. Tun zamanin da ake ciniki da wuri ne, kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan, a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin manya suna nan da ransu, ni ma ina son nawa.

Noman farko ya zo, mutum ko fartanya ba ya iya ɗagawa, gonar nan kuwa ita ce tuwon gidansa na shekara. Matarsa Hajjo ta ce, "Malam, ka je Jibo ya yi maka ƙaho mana, ya zuƙe mataccen jinin nan."

Jibo shi kaɗai ne wanzamin garin. Ɗanasabe ya tarar da shi a zaure, dawowarsa ke nan daga gandun Mai Babban Rawani, Allah ya ƙara wa rawanin tsawo. Tun asuba yake sunkuye a can, bayan ya aske kawunan fadawa kaf, ladan kuwa "Allah ya yi albarka". Albarka aba ce mai kyau, sai dai ba a tuƙa ta a ci da miya.

To shi ƙaho da numfashi yake aiki: a kafa shi a fata, wanzami ya sa baki ya zuƙa har ya kama. Jibo ya zuƙa, ƙaho ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Can gyangyaɗi ya kwashe shi da ƙahon a baki, maimakon ya zuƙa sai ya hura. Ƙarar da ta tashi daga bayan Ɗanasabe ba a yin irinta gaban surukai.

"Subhanallahi! Jibo, busa na zo saurare?"

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Rabona da hatsi tun jiya. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Ɗanasabe ya ji tausayi, ya ji haushi, haushin ya fi yawa. Ya dogara sanda har ƙofar Mai Rawani, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a sakar wa gari wanzaminsa.

Kai, ku zo ku ga adalci! Mai Rawani ya girgiza kai, ya ce lafiyar talaka ce ke hana shi barci. Nan take ya naɗa ƙanen matarsa mai duba lafiyar wanzami, aka yanka rago don murna, aka ce Jibo ne zai riƙa yanko wa dokin sabon mai sarautar ciyawa. Sannan ya dubi Ɗanasabe.

"Da ƙafarka ka zo?"

"Da ita, ranka ya daɗe."

"Ashe ka warke. A ba shi fartanya."

Washegari ga su sunkuye a gandu, shi da Jibo, kafaɗa da kafaɗa. Daga nan Ɗanasabe yana hango gonarsa, ciyawa ta shanye kan dawar. Ƙwalla ta cika masa ido, kuma ba ta ciwon baya ba ce.

Jibo bai ko ɗago ba ya ce, "Da ƙwaryar fura ka kawo mini maimakon ka kai ƙara, da yanzu kana can."

A shekarar gandu ya yi dawar da ba a taɓa ganin irinta ba, maroƙa suka ce albarkar adalci ce. Ni ma bayana na ɗan taɓa ni kwanan nan, amma don Allah kada ku gaya wa kowa da ƙafata nake yawo.