Wasiƙar da Na Jefa a Akwatin Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma 'yan layinmu sun yi rantsuwa ba za su bar ni in manta ba. Amma kafin komai bari in gyara ƙaryar da ke yawo: ban rubuta wa ɗan takarar shugaban ƙasa wasiƙar soyayya ba. Ban ce ina son sa da aure ba, ban sa lambar wayata ba, ban zana fure ba. Layi uku ne kacal, kuma a kan ruwan famfo ne.

Ni tela ce, ina ɗinki a shagon yayata a Anguwan Rogo. Da can siyasa ba ta dame ni ba, ko rediyo aka kunna aka fara ta sai in ƙara wa keken ɗinki gudu. Sai wata rana aka turo mini bidiyon mutumin nan a waya. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, kawai yana bayanin cewa ƙasar nan za ta gyaru kuma irinmu ne za su gyara ta. Na kalla sau huɗu. A na biyar na tsinci kaina ina share hawaye da ƙyallen atamfar mutane. Daga ranar na zama abin da na zama. Da ya zo taro Jos na tsaya awa biyar a rana, abin da na hango kawai hularsa ce da tafin hannunsa, amma na dawo gida ina cewa ya kalle ni.

Matsalata ɗaya, ba ni da haƙuri. Duk wanda ya san ni ya san maganata: "Ba na son dogon surutu." Ita nake gaya wa mai kawo ɗinki, ita nake gaya wa saurayi, har Mama na taɓa gaya wa (na sha mafici a baya, kuma na cancanta).

Da zaɓe ya matso sai na ji ana cewa ƙuri'u da yawa lalacewa suke yi saboda mutane ba su iya dangwalawa ba. Nan take na buɗe makaranta, ba wanda ya sa ni. Na sayo tawada, na yayyanka takardar da muke fitar da samfurin riga, na zana gidaje-gidaje kamar na takardar ƙuri'a. Kullum bayan la'asar matan layinmu su taru a ƙofar shago, ni kuma in tsaya a kansu da abin awo a wuya kamar shugabar makaranta.

"Yatsa ɗaya, gida ɗaya! Kada ya taɓa layi! Kada ku ƙara komai a jikin takardar, ko ɗigo!"

Wadda ta fi shan wahalata ita ce Inna Laraba, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi. Hannunta kullum da maiƙo, in ta dangwala sai yatsan ya zame ya shiga gidan maƙwabci.

"Inna, kin sake zaɓar mutum biyu! So kike su raba kujerar?"

"'Yar nan, bi ni a hankali. Na yi zaɓe tun uwarki ba ta yi haƙori ba."

"Shi ya sa ƙasar take haka. Sake!"

(E, na faɗa. Ga tsohuwar da ta goya ni. Allah ya yafe mini.)

Abokin faɗana kuwa Yaya Nasiru ne, ɗan ƙanin babana, direban keke napep, wanda ya lulluɓe kekensa da hotunan ɗaya ɗan takarar har fasinja ba ya ganin hanya. Shi ne wakilin jam'iyyarsu a rumfar zaɓenmu. Kullum sai ya tsaya a ƙofar shago ya danna hon.

"Malama, yaya ɗalibai? An fara ba da satifiket?"

A gaban kowa na buga ƙirji na ce masa abu biyu: akwatin layinmu namu ne, kuma a cikin matan da na koyar ko ƙuri'a ɗaya ba za ta lalace ba. Ya ce in haka ta faru zai cire hotunan nan da hannunsa. Na ce in ba ta faru ba ni zan wanke masa keke a bakin titi, ranar kasuwa.

Ranar zaɓe tun da sanyin safe na jera matana kamar masu zuwa kai amarya. Na duba yatsun kowa. Na sa Inna Laraba ta wanke hannu da omo sau biyu. Sai da suka gama duka sannan na karɓi takarduna na shiga wurin dangwalawa.

To, a nan ne abin ya faru. Na dangwala, tsaf, a tsakiyar gida, ko a littafi sai haka. Sai na tsaya ina kallon takardar. Zuciyata ta cika. Wata shida ina yi wa mutumin nan magana a raina, yau ga takarda a hannuna da nake ji kamar kai tsaye wurinsa za ta. Na tuna jarkokin da muke jerawa tun asuba, na tuna bayan Mama da ke ciwo saboda ɗaukar ruwa. Hannuna ya tafi cikin ɗankwali, inda kowace tela take soke bironta. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. A can ƙasa, inda ba kowa, na rubuta da ƙananan baƙaƙe. Har ina jin daɗin cewa ban taɓa layi ba.

Na ninke na jefa, na fito ina tafiya kamar wadda ta gama gyara Najeriya.

Wajen la'asar aka zazzage akwati a kan tebur. Duk layin ya taru, har masu leƙe ta katanga. Jami'ar zaɓen wata 'yar bautar ƙasa ce, takan ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, mu kuma mu ƙirga da baki ɗaya. Namu, nasu, namu, nasu. In an ɗaga tamu sai mata su rangaɗa guɗa, in an ɗaga tasu sai 'yan keke su yi fito. Ni ina gaba, ina duba ko akwai yatsan da ya zame. Babu. Ina ta hararar Yaya Nasiru ina murmushi.

Sai jami'ar ta ɗaga wata takarda ta tsaya. Ta juya ta. Ta ce akwai rubutu a jiki, wannan ta lalace.

Na daka tsalle. "Wace marar jin magana ce wannan? Sau nawa na faɗa?"

Ban rufe baki ba na hango shuɗin biro.

Jami'ar ba ta jin Hausa sosai, sai ta nuna wa wakilai su gani. Yaya Nasiru ya matso da fuskarsa, ya karanta a zuci, sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya gyara murya kamar mai sanarwar ɗaurin aure:

"Baba, mun yarda da kai. Don Allah in ka hau ka tuna da famfon layinmu, ya daɗe ba ruwa." Ya dakata, ya ɗago ido ya nemo ni cikin taro. "Ba na son dogon surutu."

Ban taɓa sanin kawunan mutane da yawa za su iya juyawa lokaci ɗaya haka ba. Sai wurin ya fashe da dariya. Wani ya faɗo daga kan benci. Ɗan sandan da ke gadi ya juya baya yana riƙe ciki. Na ja hijabi har kan hanci, amma ina za ka ɓuya a layin da aka haife ka?

Inna Laraba ta ratso taro a hankali, ta ɗaga babban yatsanta mai tawada a gaban idona.

"Malama, tawa ta shiga?"

"Ta shiga, Inna."

"Madalla. To ke wa ya koya miki? Ki zo gobe bayan la'asar, da wankakken hannu."

Da aka gama ƙirga, kunnen doki aka yi. Daidai wa daida. Ƙuri'a ɗaya ta lalace a akwatin shugaban ƙasa na rumfarmu, kuma ita ce da ta ba mu nasara.

Kafin kwana uku labari ya kai Tudun Wada, ya kai Tina Junction, yana tafe yana ƙara ƙiba. Da na je sayen zare wurin Mama Chika a kasuwa, tun daga nesa ta fara tafi: "Ga amaryan shugaban ƙasa ya zo! Oga ya ba da amsa?" Ta ƙara mini zare biyu kyauta, wai gudummawar biki.

Keken kuwa na wanke shi, a bakin titi, da ruwan da na saya a wurin mai kura (ka ji wani abin haushin). Yaya Nasiru ya zauna a gefe yana nuna mini inda na tsallake. Da na gama sai ya ce, "Amma fa ƙanwata, maganar famfon nan gaskiya kika rubuta. Adireshi kawai kika kuskure."

Abin ya tsaya mini a rai. Na gane cewa takardar ƙuri'a yatsa kawai take so, ba ta son jin ra'ayinka, kuma mai koyar da mutane ya riƙa sauraron darasin da yake bayarwa. Har yau ina son mutumina, har yau in na ji muryarsa sai in ji ƙasar nan za ta gyaru. Sai dai famfonmu ba ya buƙatar shugaban ƙasa, kansila yake buƙata, kuma gidansa ba nisa.

Don haka na sayi farar takarda babba, na sake rubuta layi ukun nan, wannan karon da sunan wanda ya dace. A ƙasa na zana gidaje-gidaje. Ina da mata cike da layi da suka iya dangwala yatsa ba ya taɓa layi, kuma tawadata ba ta ƙare ba. Ranar Litinin za mu kai masa, Yaya Nasiru zai kwashe mu a kekensa. Inna Laraba ce za ta yi magana. Biron kuma ta ce a hannunta zai zauna har mu dawo.