Ranar da Na Goya Kyanwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Wudil ba, ko da ina so in manta. Tun da na haifi Ummi nake tsoron kyanwar gidanmu. Surukata ta ce babu mai korar ta, ita ke tsare mana buhunan gero daga ɓeraye. Ni kuwa kullum idona na kan faratanta.

Ranar, Ummi ta ja mata wutsiya, ita kuma ta yakushe ta a hannu. Na wanke wurin da sabulu, amma hankalina ya ƙi kwanciya, don na taɓa ji a rediyo cewa kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. Maigida yana kasuwar shanu. Na bar Ummi wurin surukata, na ce zan kai kyanwar asibitin dabbobi a duba ta.

To, yaya matar aure za ta ratsa Sabon Gari rungume da kyanwa? Sai na yi dabara (a lokacin dabara na ɗauke ta): na goya ta da zani, na ɗaure da majanyi, na zumbula hijabi. Ita kuma 'yar banzar ta yi lamo.

A adaidaita sahu na tarar da Hajiya Lami, aminiyar surukata. Muka gaisa, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kai hannu bayana.

"Ke 'yar nan, kin rufe min jika ruf a wannan zafi? Bar ta ta sha iska."

Kafin in buɗe baki ta ɗage hijabin. Kyanwa ta leƙo, suka yi ido huɗu, ta ƙwalla kuka. Hajiya ta saki salati, takalminta ɗaya ya faɗa titi. Direba ya gangara gefe saboda dariya, yana tambayata ko an riga an yi suna.

Likitan dabbobi ya duba ta, ya ce bai ga alamar ciwo ba. Ya yi mata rigakafi, ya ce mu tsare ta mu sa mata ido. Da ya ji labarin yakushin, sai ya tambaye ni ina yarinyar take. Na ce tana gida.

"Malama, wadda aka yakusa tana gida, wadda ta yi yakushin ita ce a goye?"

Ranar muka kai Ummi asibiti, kuma lafiyarta ƙalau, alhamdulillahi.

Don Allah, in kyanwa ta yakushi ɗanku, shi za ku fara kaiwa wurin likita. Ita kuma ku nema mata kwali.