Labulen Hajiya Fourera

"Ni da Greensboro? Ko an ɗaure min ido zan kai ka ko'ina!" in ji Salissou, ɗalibin digiri na uku daga Maraɗi, yana buga ƙirji a waya.

Musayar gida suka shirya da Malam Lamine na New York: Salissou ya je can mako guda, Lamine da iyalinsa su shida su sauka a ɗakinsa na Gate City Boulevard. Lamine ya roƙa a rubuta musu inda za su ci abinci.

To, ka san mutumin namu. Shekara huɗu a garin, tukunyarsa tana cikin kwalinta, gidan sayar da abinci kuwa ko ɗaya bai taɓa shiga ba. Sarkin Sallama-da-Cokali ke nan. Sai ya zauna ya rubuta iyakar iliminsa: Litinin gidan wane, Talata gidan wance, har da taurari. Ya manna a firij ya tafi.

Shafin Laraba ya fi tsawo, don gidan Hajiya Fourera ne a Sedgefield, gwaggon Chamsiya, budurwar da Salissou ke mutuwar so. Ya rubuta: "Dambu, tauraro biyar. A yabi labulen falo, za a ƙara nama. In miyar kuka ce, tauraro ɗaya, ku ce kuna azumi."

Ran Laraba Lamine ya kira shi.

"Mun je, wallahi mutuniyar kirki ce! Da na ga babu allon gidan abinci a ƙofa, sai na miƙa mata takardarka na ce ko nan ne."

"Ka miƙa mata me?"

"Takardar. Har ta sa tabarau."

Amma gwanin bai karaya ba. Da ya dawo, Laraba na yi ya feshe jiki da turare, ya doka sallama a gidan Hajiya, ya juya wajen taga da murmushi.

"Kai, Tanti, wannan labule..."

Taga tsirara. Ko ƙusa ba a bari ba.

"Na cire, Salissou," in ji Hajiya. "Na ga yana cinye min nama. Zauna."

Ya zauna kamar jiƙaƙƙen zakara. Sai ga Chamsiya da kwano, ta dire a gabansa: miyar kuka, har tana tururi.

"Ko kana azumi?" ta tambaya.

"A'a! Ni da kuka? Ai Tanti in ta kaɗa kuka, duk Amurka..."

"Tanti dambu take yi," in ji Chamsiya, tana miƙa masa cokali. "Kukar nan, shekara huɗu, ni nake kaɗawa. Ci, malam mai taurari. Akwai ƙari."