Rijiyata da Gemuna

Abin da Alhaji Mumuni ya yi mini ba zan taɓa mantawa da shi ba: ya kashe mini rijiya, ya kuma sa duk Zangon Sokode suka yi mini dariya.

Lokacin dogon yajin aikin nan ne, ana rigimar dimokuraɗiyya, fetur (esansi muke ce masa) ya yi wuya. Mumuni, maƙwabcina, ya binne gangunan mai a gindin katangarmu, suka tsatsa, suka yoye. Rijiyar da matata ke dama kokon sayarwa da ruwanta ta koma warin gareji. Masu saye suka gudu, kuma da kokon nan muke ci. Na yi masa magana, ya ce ƙaddara ce.

Ƙanen matata, Isifu, ma'aikacin ruwa ne a Dapaong, yajin aiki ya zaunar da shi a gidana. Ya ce akwai ƙananan halittu a cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, abincinsu mai. A haƙa kewayen rijiyar, a cakuɗa ƙasar da takin shanu, a riƙa juyawa ta sha iska. Amma sai an yi watanni, in ji shi.

Watannin nan ne kunnena ya tsallake (na bar lakwal, wato makaranta, da wuri, haƙurina ma bai yi nisa ba). Muka yi yadda ya ce. Isifu na komawa, na shinshina guga, na ji wari ya ragu, na fita ina cika baki wai na gyara rijiya da ilimin zamani. Bayan Juma'a na tara mutane, har da liman. Na jawo ruwa, na sunkuya, na ƙyasta ashana don su shaida babu sauran mai.

Akwai.

Rabin gemuna ya tafi, da gira ɗaya. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ranar na koyi cewa halittun nan ba sa sauri don an gayyaci liman.

Washegari sai ga Mumuni da jarka. Wai tunda man nasa ne, in bari ya kwashe na sama kafin dabbobina su cinye masa.

Na ce, “Alhaji, gara su cinye. Su ko ba komai gyara suke yi in sun ci. Kai ka ci rijiyata, ka ci kokon matata, ga gemuna. Ɗauki jarkarka ka fita, akwai sauran ashana a aljihuna.”