Giwa Zalla

Ba zan taɓa mantawa da ranar da giwaye suka zubar min da mutunci a tsakiyar Alƙahira ba. Giwayen roba fa, kowacce ba ta fi kwalin ashana ba.

Lokacin ina karatu a can, muna haya a unguwar Ainu Shams ni da abokina Nasiru, Bazazzagi. Shi ya ja ni wani gidan shayi a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, inda ake wasan yaƙi a kan tebur. Kowa zai jera 'yan sojojin da ya yi wa fenti, a auna tazara da tef irin na tela, a jefa ɗan lido, sojan da aka kashe a ɗauke shi. (Na fara zuwa ne don in yi musu dariya. Kafin wata ya mutu har mafarkin abin nake yi.)

Da aka sa ranar gasa sai na lura babu abin da ke tsayawa a gaban giwa a wasan nan. To me zai haɗa ni da 'yan baka da masu mashi? Na tafi kasuwar Ataba na kwaso giwaye, rundunata ta zama giwa zalla. Nasiru kuwa ya haɗo tarkacensa: maharba, masu garkuwa, 'yan leƙen asiri, da giwa ɗaya tal. Na ce masa wannan ba runduna ba ce, kasuwar ƙauye ce.

"To mu yi yarjejeniya," in ji shi. "Wanda ya zo ƙasa a cikinmu shi zai yi girki wata guda."

"Khalas, magana ta ƙare," na ce, "ka fara wanke tukunya."

Da safen gasar, Baba Usman, wani dattijo Bahaushen Sudan da ke mana alƙalanci, ya tsaya yana bayani. Wai gasar baya ta gunduri kowa, don duk runduna iri ɗaya aka zo da ita, har mutane suka fara ƙaurace wa wurin. Saboda haka yanzu maki kashi biyu ne: na cin yaƙi, da na yadda ka cakuɗa rundunarka. Kuma wanda ka kara da shi, shi zai ba ka na biyun. Duk wannan daga baya Nasiru ya maimaita min. A lokacin ina bakin ƙofa ina fama da kwanon koshari, abincin nan na Misirawa.

Aka fara, na shiga tattake bayin Allah. Da ma a ce na yi shiru! Ina, duk sojan da na kashe sai na yi kukan giwa. Wani likita Bamisire mai haƙuri ya dubi teburin ya ce, "Ya akhi, ina sauran sojojinka?"

"Sun tafi hutu, ya duktur."

Bayan kowane wasa Baba Usman kan zo ya tambaye ka a kunne makin da ka ba rundunar abokin karawarka. Ni na ɗauka wata al'ada ce ta lallashin wanda aka kayar, don haka kowa cika masa nake yi. Da na murƙushe Nasiru a wasan ƙarshe har cewa na yi, "Baba, a cika masa taf, ko ya ji sanyi a ransa."

Kafin a faɗi sakamako na zaro babbar riga daga jaka na zura. (E, da ita na taho tun daga gida, a cikin metro, jirgin ƙasan birnin.) Na miƙa wa likitan nan wayata ya ɗauke ni bidiyo. Baba Usman ya gyara murya ya ce na ɗaya ɗan Nijeriya ne. Ban jira ƙarshen maganar ba, na miƙe ina saɓa riga ina ɗaga wa jama'a hannu. Ina tsakiyar fili na ji ya ce, "Nasiru."

Kowa ya juyo yana kallona. Ga ni tsaye da hannu a miƙe.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana, koma ka zauna," in ji Baba Usman. "Ka ci kowa da yaƙi, amma ba wanda ya ji daɗin wasa da kai."

Ashe duk waɗanda na yi wa kukan giwa ba wanda ya ba ni ko rabin maki, ni kuwa da bakina na ɗora Nasiru a kaina. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita yana riƙe da waya har yanzu, ya ce cikin ladabi, "In ci gaba da ɗauka?"

Haka na shiga kicin. Matsalar ita ce abinci ɗaya na iya a duniya, taliya da manja. Bayan 'yan kwanaki Nasiru ya buɗe tukunya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wannan ma giwa zalla ce."

Yanzu rundunata har da maharba, kuma na koyi dafa wake da shinkafa. Baki shi ke yanka wuya: tun daga ranar, kafin in yi wa mutum kukan giwa, sai na fara bincika ko makina a hannunsa yake.