Aljanin da ke jan motata hagu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai amarya gonar gyaɗa maimakon ɗakin mijinta.

Wata tsohuwar mota gare ni, ina jigila tsakanin ƙauyenmu da Ɗanbatta. Tana da wani hali mai ban al'ajabi: da mun iso kwanar tsamiyar bakin gari sai ta ja hagu da kanta, sitiyari na rawa. Tun muna yara ake cewa akwai mutanen ɓoye a tsamiyar nan. Wallahi har tsigar jikina tashi take. (Amma fa ina jin daɗi a raina: duk motocin garin, tawa suka zaɓa!)

Ranar bikin abokina aka ce in ɗauki amarya zuwa ɗakin mijinta, tare da gwaggonta da ƙawarta Ladi, wadda nake mutuwar so na kasa faɗa mata. Ladi ce ta zauna gaba. Na ce yau za ta ga namiji.

"Ku kama addu'a," na ce da kakkausar murya. "A nan masu wurin ke kiran motata. Ku gani."

Sai na saki sitiyari. Ni da hankalina!

Motar ta faɗa rami, ta yi tsalle, ta kwasa hagu, sai ga mu a tsakiyar gyaɗar mutane. Gwaggo na ta salati, amarya ta yar da lulluɓi, ayarin biki ya tsaya. Ni kuwa na fito ina tofi, ina nuna tsamiya.

Ladi ta zagaya motar ta tsuguna. (Gidansu gidan direbobi ne, na sha'afa.)

"Malam, zo ka ga aljaninka. Tayar hagu ƙarama ce, ta cinye gefe ɗaya, ta dama kuwa babba." Ta danna gaban motar, ya yi ta lilo ya ƙi tsayawa. "Shokozoba mai tare girgizar mota ma ta mutu. Yaushe rabonka da saitin ƙafa?"

Har amarya sai da ta yi dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da bakanike ya sa tayoyi iri ɗaya, ya saita ƙafafun, ya canja shokozoba, na sake bi ta kwanar. Motar ta wuce lafiya lau, ko gezau. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Ashe rayukanmu duka a kan roba faɗin tafin hannu suke tafiya. Allah mai iko!

Na dai koyi tsugunawa in duba taya kafin in zargi aljani. Ladi ce uwar 'ya'yana yanzu, kuma har yau in zan fita sai ta ce, "A gaishe mini da masu tsamiya."