Yadda Ake Cin Gonar Gishiri da Kwanon Hamco

Bi matakan nan, ni na lamunce maka, surukarka za ta sallama. Da su maƙwabcina Man-sik ya ci nasara, bayan an sallame shi daga aiki a birnin Mokpo ya tare gidan uwar matarsa a nan tsibirinmu, idonsa na kan gonar gishirinta.

1. Tsinko tsoho

Hamco tsiro ne na bakin teku da ake ci, amma kore mai taushi na ragwaye ne. Bari sai kaka, ya yi ja ya zama itace. Man-sik ya shiga taɓon bakin teku da takalmin ofis, ya fito da buhu guda da takalmi ƙafa ɗaya.

2. Kada ka saurari kowa

Matarsa Ok-bun ta ce a ɗan tafasa shi, a jiƙa a ruwa ya saki gishirinsa. Ya ce ta ba shi wuri. Gwani ba ya karɓar gyara a gaban tukunya.

3. Zuba gishiri

I, tun yana tsiro ruwan teku yake sha. To sai me? Cika hannu ka watsa. Bi shi da gishirtaccen jatan lande, kada a ce ka yi rowa.

4. Yi wa'azi

Kafin tsohuwa ta kai loma, karanto mata amfaninsa daga waya: yana wanke ciki, yana ƙara jini, ma'adanai kuwa sai wanda ya gani. Tun tana budurwa take tsinkarsa, amma ai ba ta da waya irin taka.

5. Zauna ka yi gumi

Tsohuwa ta yi ta tauna tana zaro tsinke daga haƙora. Ta cinye tas, ta shanye butar shayin sha'ir, Ok-bun kuwa kanta a ƙasa. Man-sik ya ji kamar ya nutse.

"Inna, ya kika ji shi?" in ji shi.

"Ɗan nan, gobe ka kama gonar," in ji ta. "Wanda ya ɗanɗana hamco ya ce gishiri bai ji ba, ba zai bar gishirina ya kwana a rumbu ba. Amma na sake ganinka a madafa, da iyo za ka koma Mokpo."

Hawan jini, ƙishirwa ko yajin mata, duk wanda ya same ka kada ka zo ƙofata. Ni ko sannu ba mu taɓa yi da kai ba.